Sadaka Don Yaron da Ya Rasu: A Haɗa wa Ɗan Riƙo Jakarsa

Idan Allah ya karɓi ran yaro, abin da aka saba shi ne a ɗora tukunya ranar uku ko bakwai, a raba, washegari shi ke nan. Ga wata ƙofar da iyaye da 'yan unguwa za su duba: yaran da ake kaiwa riƙo, ko gidan marayu na Nasarawa da ke Kano, ko hannun gwaggo da kaka bayan rasuwar uwa. Da yawansu daga su sai kayan jikinsu, in an yi sa'a da ɗan tsumma a baƙar leda.

Kafin a shiga kasuwar Kwari ko ta Singa, a fara tambaya: yara nawa ne, shekarunsu nawa, maza ko mata? Rashin tambayar nan ne ke sa a tara rigunan jarirai alhali ɗan shekara 9 ba shi da silifas. Kowane yaro a yi masa tasa jakar: kaya kala 3, kamfai sababbi, sabulu, man shafawa, buroshi da man goge baki, kofi, bargo don hunturu, da gidan sauro mai magani. A sa ledar shimfiɗa, domin yaron da aka raba da inda ya saba yakan koma fitsarin kwance. Firgici ne, duka ƙara shi yake yi. Gwanjo ba laifi, amma a wanke, a shanya a rana, a goge, saboda ƙazuwa da ƙwarƙwata. Kayan marigayin kuwa, kada a matsa wa uwa ta fitar da su sai ranar da zuciyarta ta yarda.

Madarar jarirai ce wurin da ake yawan kuskure. Jaririn da ba shi da mai shayarwa yana shan kusan kilo 20 na madarar gari a wata 6 na farko, wato gwangwani 40 na giram 500. Mai kawo gwangwani 2 ya tafi ya bar mariƙiya da tsinkawa da ruwa don ta kai wata, daga nan sai rama da tamowa. Ko dai mutum 5 ko 6 su yi karo-karo su ɗauki nauyin wata shidan gaba ɗaya, ko a juya kuɗin wani wajen. A dama da tafasasshen ruwa, a ba shi da kofi, domin bulunboti wuyar wankewa gare shi, shi ke jawo gudawa. Idan akwai mai shayarwa a dangi ya fi, sai dai a rubuta a ajiye, tunda nono yana haramta aure.

A ware wani abu don asibiti a makon farko: awon nauyi, gwajin sikila, da duba katin rigakafi. Katin ya ɓata? A kai shi asibitin sha-ka-tafi, a ci gaba daga inda aka tsaya. A nema masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da sunan mahaifinsa idan an san shi. Ba a kawo ragowar magani a matsayin sadaka.

Kaya su bi ta hannun jami'an walwala na Ma'aikatar Mata, ko mai unguwa idan riƙon cikin dangi ne, a karɓi shaidar miƙawa a rubuce. Ban da ɗaukar hoton yara a watsa a Facebook, ban da jera su a gaban baƙi. A naɗa mutum ɗaya mai riƙe littafin kuɗi, ya riƙa leƙawa duk ƙarshen wata, domin sabulu da madara ƙarewa suke yi, takalmi kuma yana matse ƙafa.