Fitowar Bani Isra'ila daga Masar: Tarihi da Wahayi

Fitowar Bani Isra'ila ita ce ƙaurar da Annabi Musa ya jagoranta daga bautar Fir'auna, kamar yadda Littafin Fitowa na Attaura ya kawo. Malaman tarihi sun saɓa a kan lokacinta. Littafin Sarakuna na ɗaya (6:1) ya sa shekara 480 tsakaninta da aza harsashin Haikalin Sulaimanu, wato wajajen 1446 kafin miladiyya. Amma Fitowa 1:11 ta ce bayin sun gina birnin Ramases, abin da ya ja hankalin da yawa zuwa zamanin Ramses na biyu (1279 zuwa 1213).

Rubutu mafi tsufa da ya ambaci Isra'ila a wajen Littafi Mai Tsarki shi ne dutsen Fir'auna Merneptah, wanda masanin tono kayan tarihi Flinders Petrie ya tono a 1896. Kusan ƙarshen rubutun, sarkin yana alfaharin ya hallaka Isra'ila, kuma alamar da aka zana a gefen sunan ta al'umma ce, ba ta birni ba. Ke nan wajajen 1208 kafin miladiyya suna ƙasar Kan'ana.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawan jama'ar. Fitowa 12:37 ta ce maza kusan 600,000 ne, ban da mata da yara, alhali tono a Kadesh Barneya, inda Attaura ta ce sun yi zango a hamada, bai nuna sawun irin wannan taro ba. Wasu sun lura cewa kalmar Ibrananci "elef" da ke cikin ayar tana nufin dubu, tana kuma nufin dangi. Masu karatun Alƙur'ani za su tuna cewa a Suratush Shu'ara (26:54) Fir'auna ya kira su 'yar ƙungiya kaɗan. Ƙaramar ƙaura ta fi dacewa da shaidar da ke hannu, kuma ko sunan Musa kansa, a ganin masana da dama, tushensa harshen tsoffin Misirawa ne.

Malaman Kirista da yawa suna karanta labarin ne da fahimtar cewa Allah ya bayyana kansa daki-daki. A Fitowa 6:3 ya ce Ibrahim da Ishaku da Yakubu sun san shi da suna Allah Maɗaukaki, sai ga Musa ya bayyana sunan Yahweh. A Matiyu 19:8 Almasihu ya ce saboda taurin zuciyar mutane ne Musa ya halatta saki. A 1965 Majalisar Batikan ta Biyu, wato babban taron shugabannin Cocin Katolika, ta ce littattafan Tsohon Alkawari na ɗauke da abubuwa na wucin gadi, waɗanda ta cikinsu Allah ya tarbiyyantar da jama'arsa.