Waiwaye: Yadda faifan kwamfuta ya tashi daga ɗan gida ya koma baƙo

Muhawarar da masu rubuta babbar manhajar Linux ke yi ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Idan mutum ya soka filashin da tsarin fayilolinsa ya lalace, ko aka lalata shi da gangan, kwamfuta ta sandare nan take, wannan ɓarakar tsaro ce da ke bukatar gaggawa, ko kuwa ƙaramin kuskure ne da za a gyara in an samu sarari? An tattauna batun a taron manyan masu kula da Linux na 2023, har yanzu kuma ba a cimma matsaya ɗaya ba. Wanda ya tsinci zancen a tsakiya zai ɗauka na'urorin gwaji na zamani ne suka kawo matsalar, alhali tono ta kawai suka yi. Ta daɗe a kwance.

Tsarin fayiloli shi ne kundin da ke faɗa wa kwamfuta inda kowane fayil ya fara a kan faifai, inda ya ƙare, da sunansa. Mai karanta wannan kundi ita ce kanel, wato zuciyar babbar manhaja, wadda ba ta da wani a samanta da zai tare ta in ta yi tuntuɓe. Ƙaramar manhaja in ta faɗi, a rufe ta a sake buɗewa. Kanel kuwa in ta faɗi, da kowa take tafiya.

Tarihin farko sananne ne. Tun wajen 1980 Unix, babbar manhajar da Linux ta kwaikwaya, ke da fsck, mai bin kundin yana gyara shi bayan wuta ta ɗauke. Sai aka zo da dabarar rubuta abin da za a yi a rajista kafin a aikata shi, a tsarin fayiloli irin su JFS a 1990, NTFS a 1993, ext3 a 2001. A 2005 tsarin ZFS ya shigo da lambar tantancewa a kan kowane yanki na bayanai, wato lambar da ake lissafawa daga bayanin don a gane in ya canza. Duk waɗannan maganin tsautsayi ne, kamar yankewar wuta ko tsufan faifai. An gina su ne bisa yardar cewa kanel ce da kanta ta rubuta abin da ke kan faifan, don haka ba zai yi mata ƙarya ba.

Wannan yarda tana da hujja a lokacinta. Faifai yana ɗaure cikin akwatin kwamfuta, kuma a Unix mai gudanar da na'ura ne kaɗai ke da ikon jona shi, ko ya rubuta tun farko wane iri ya yarda a jona. Ko da faifan fulofi ko sidi ya zo daga waje, sai wani ya ba da umarni.

Inda abin ya juya, wanda ba kasafai ake ambatonsa ba, shi ne tsakanin 2000 da 2004. Filashi ya shigo kasuwa a 2000, bayan 'yan shekaru kuma kwamfutocin tebur masu Linux suka koyi jona shi da kansu da zarar an soka. Sauƙi ne da kowa ya yi maraba da shi, ni ma ba na fatan a koma zamanin buga umarni kafin a ga hoto ɗaya. Amma a dubi abin da ke faruwa cikin daƙiƙa biyun nan da fitilar filashi ke ƙyaftawa. Kafin mai kwamfuta ya taɓa komai, na'ura ta leƙa farkon faifan, ta ga alamar irin tsarin da yake iƙirarin ɗauka, ta kira direban da ya dace, wato ɓangaren kanel mai karanta wannan irin tsari, ta miƙa masa kundin. Linux na da irin waɗannan direbobi gommai, har da na faifan kwamfutar Amiga da na tsohuwar Macintosh ta 1985. Ma'ana, wanda ya shirya filashin shi ke zaɓar ɓangaren kanel da zai karanta shi, kuma mai mugun nufi ba zai zaɓi wanda ake dubawa kullum ba. Zai nemi wanda ya shekara ba a taɓa shi ba.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. A tsarin ext2, kowane suna a cikin folda yana ɗauke da lamba mai nuna tazarar da za a tsallake a kai ga na gaba. A mai da lambar nan sifili, direban da bai bincika ba zai yi ta karanta wuri ɗaya har abada. A ce sunan fayil ya kai haruffa 255 alhali gurbinsa bai kai haka ba, sai karatu ya zarce cikin ƙwaƙwalwar da ba tasa ba. Lambar tantancewa ba ta hana wannan, domin wanda ya canza bayanin zai lissafa sabuwar lambar ya rubuta. Faifai ya zama baƙo, amma dubban layukan manhajar da ke tarbarsa sun ci gaba da sakin jiki da shi kamar ɗan gida, kuma a ganina nan ne tushen rigimar yau.

Gargaɗi bai yi jinkiri ba. A watan Nuwamba na 2006 wasu masu bincike suka ware wata guda suna fitar da kurakuran kanel kusan kullum, da yawansu an samo su ne da fsfuzzer, 'yar manhajar da ke dagula kundin faifai barkatai ta ga abin da zai faɗi. An toshe ramukan ɗaya bayan ɗaya, amma yardar da ta haife su tana nan yadda take. A 2016 aka maimaita gwajin da kayan aiki mafi kaifi, wasu tsare-tsaren suka faɗi cikin daƙiƙoƙi. Daga 2017 syzbot, na'urar gwajin da ke neman kurakuran kanel da kanta, ya shiga aikin dare da rana, rahotanni suka yi wa masu gyara yawa, wasunsu kuwa 'yan sa kai ne.

An yi ƙoƙari na gaske. Tsare-tsaren fayiloli na XFS da Btrfs yanzu suna tantance kowane yanki na kundi kafin su yi aiki da shi. An cire tsohon tsarin fayiloli na ReiserFS a Linux 6.13. Harshen rubuta manhaja na Rust, da ya shiga kanel a 2022, yana rage kurakuran ƙwaƙwalwa, ko da yake manyan direbobin nan har yanzu da tsohon harshen C aka rubuta su. Hanyar da na fi gamsuwa da ita ta girmi dukkansu: FUSE, wadda ta shiga Linux tun 2005, tana ba da damar a karanta faifai daga wajen kanel, ta yadda in direba ya faɗi shi kaɗai zai faɗi. An fi sukarta da rashin sauri, kuma suka ce mai ma'ana ga faifan da babbar manhaja ke zaune a kai. Ga filashin da aka karɓa daga hannun wani don kwafe takarda biyu, jinkirin bai kai asarar aikin yini guda ba.