"Yiwuwa": wai kashi 200 cikin 100 za su ci zaɓe

Tun da guguwar siyasa ta fara kaɗawa, babu kalmar da ke shan wuya a rediyo kamar "yiwuwa". Shekaranjiya na ji wani kakakin jam'iyya yana bugun ƙirji, wai yiwuwar ɗan takararsu ya yi nasara ta kai kashi 200 cikin 100. Mai gabatar da shirin ko gyaran murya bai yi ba.

Farashi kam yana iya tashi da kashi 200: buhun naira 20,000 ya koma 60,000. Yiwuwa ba ta da wannan fili. Daga sifili take farawa, wato abin da ba zai taɓa faruwa ba, ta tsaya cak a 100, abin da babu makawa. Kuma duk kason da ka ba wani lamari, ragowar na kishiyarsa ne. Idan NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ta ce yiwuwar ruwa gobe kashi 70 ce, to ta faɗa maka rashin ruwa yana da 30. Gari ya waye rana ta ƙwalle, sai ka ji ana cewa hukuma ta shara ƙarya. Ba ta yi ba, kishiyar ce ta karɓi girki.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne wajen ludo. Ƙwayar tana da fuska shida, sai ka samu shida kafin ka fita daga gida. Kowane jifa, rabonka 1 cikin 6 ne. Sai wani ya ce ai idan ya jefa sau shida dole ta fito, tunda shida sau ɗaya bisa shida ya cika 100. To jifa bakwai fa? Lissafinsa ya haura 116 ke nan, ya tarar da kakakin jam'iyya.

Ta wajen kishiya ake bi. Rashin shida a jifa ɗaya 5 cikin 6 ne. Ka ninka wannan a kansa har sau shida, za ka samu kusan kashi 33 da rabi. Ragowar 66 da rabi ita ce yiwuwar ka ga shida ko sau ɗaya. Wato kusan mutum ɗaya cikin uku zai yi jifa shida yana zaune a gida, yana zargin abokin wasa da asiri. Ƙwayar ba ta tuna jifan baya, ba ta kuma jin tausayi.

Irin wannan gardama ce wani ɗan caca a Faransa, Chevalier de Méré, ya kai wa masanin lissafi Blaise Pascal, shi kuma ya shiga musayar wasiƙu da wani masanin lissafin, Pierre de Fermat, a 1654, aka aza tubalin ilimin lissafin yiwuwa. Ni ba na yabon caca, amma shi dai da lissafi ya ƙi masa, tambaya ya je ya yi, bai nemi makirufo ba.