Waiwaye: Yadda gasar WAFU ta zama ƙofar da Golden Eaglets ke maƙalewa

Duk wanda ya girma a Bauchi yana da abin tutiya idan ana hirar ƙwallon matasa. Sau biyu duniya ta zo har filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa: a 1999, lokacin gasar 'yan ƙasa da shekara 20 da Sifaniya ta lashe bayan ta ci Japan 4-0 a Legas, sai kuma 2009, lokacin gasar 'yan ƙasa da shekara 17 wadda Switzalan ta ƙwace a hannunmu da ci ɗaya mai ban haushi a Abuja. A wancan zamanin, babu wanda ke tambayar ko Najeriya za ta je gasar duniya ta yara. Tambayar ita ce ko za ta dawo da kofi. Sau biyar ta dawo da shi: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, kuma har yau babu ƙasar da ta kamo ta.

Yanzu kuwa rabon Golden Eaglets, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, da gasar duniya tun 2019 a Barazil, inda Holan ta fitar da su a zagaye na biyu. Galibin inda suke tuntuɓe kuma wata 'yar gasa ce ta maƙwabta wadda ko a gidajen kallon ƙwallo na Wunti da Jekadafari ba kasafai ake kunna ta ba.

Ƙungiyar WAFU, wato haɗakar hukumomin ƙwallon ƙafa na Afirka ta Yamma, tun 1975 take. A 2011 hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta raba ta gida biyu. Shiyya ta ɗaya ta ɗauki su Sanagal, Mali, Gini da Gambiya. Ta biyu, wadda ake kira WAFU B, ta haɗa ƙasashe bakwai: Najeriya, Gana, Kwaddibuwa, Burkina Faso, Nijar, Benin da Togo. Da farko rabon bai dami kowa ba, domin neman gurbin gasar Afirka ana yin sa ne gida da waje, kuma ƙuri'a na iya haɗa ka da kowace ƙasa a nahiyar. Abin ya sauya daga wasannin neman gurbin gasar Afirka ta 2019, da CAF ta ce kowace shiyya ta tara 'ya'yanta a gari guda, a yi ta ta ƙare cikin mako biyu. Hujjar a bayyane take: kuɗin jirgi da otal sun sa ƙasashe da dama suna janyewa daga wasannin yara. To amma maganin ya zo da nasa ciwon. An cusa zakuna a keji ɗaya. Najeriya da Gana kaɗai suna da kofin duniya bakwai a tsakaninsu a wannan rukuni, ga Burkina Faso da Kwaddibuwa da kowacce ta taɓa lashe na Afirka, alhali gurbin da ake rububi ɗaya ne tal a karon farko, daga baya ya zama biyu.

Karon farkon a Yamai aka yi, a 2018, kuma ɗan Gombe ne ya jagoranci yaran, wato Manu Garba, mutumin da ya ɗauko kofin duniya na 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da su Kelechi Iheanacho da Musa Muhammed. Ya ci Gana a bugun fenariti a wasan ƙarshe. Yamai ɗin ma akwai tsohon bashi a wurin, domin a can ne Nijar ta fitar da Najeriya a 2016, 'yan kwanaki bayan gwajin shekaru ya zubar da 'yan wasa 26 daga sansanin Golden Eaglets.

Nan fa ake yin ta. Gwajin MRI hoton ƙashin wuyan hannu ne. Ƙashin yaro yana da wata 'yar tazara da ke rufewa yayin da yake girma, likitoci kuma sun kasa rufewar mataki shida. Wanda nasa ya kai na shida, an sallame shi, ko da ya zo da takarda mai hatimi goma. FIFA ta fara amfani da shi ne a gasar 2009, wadda mu muka karɓi baƙuncinta. A gasar shiyya kuwa abin ya fi tsanani, domin laifin yaro kan shafi tawaga duka: an kori Benin daga gasar Yamai, an kuma kori Togo a 2021 tana mai masaukin baƙi a Lome. Na'urar ba wahayi ba ce, akwai yaron da ƙashinsa kan rufe da wuri. Sai dai mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yara nawa ne a ƙauyukan Ningi ko Dukku aka yi wa rajistar haihuwa a makon suna? Sai buƙata ta taso a garzaya kotu a yi rantsuwar shekaru, a rubuta abin da ya dace da buƙatar. A filin unguwa kowa ya san ma'anar “shekarun ƙwallo”.

Daga nan abin ya zama yau fari gobe tsumma. A Lome, Kwaddibuwa ta ci Najeriya 3-2 a wasan ƙarshe, gurbin ya samu amma cutar korona ta sa aka soke gasar Afirkan. A 2022 Nduka Ugbade ya ɗauki kofin shiyya a Cape Coast bayan cin Burkina Faso 2-1, sai ita Burkina ɗin ta rama daidai wa daida a Aljeriya a 2023, ta hana mu zuwa gasar duniya. A 2024 aka sake kiran Manu Garba, Kwaddibuwa ta tare shi a wasan kusa da na ƙarshe a Akara. Najeriya ta zo ta uku, na uku kuwa ba shi da rabo. A 2025 a Yamusukuro, Gana ce ta yi masa irin wannan tarewar. Abin takaicin, a daidai wannan lokaci ne FIFA ta faɗaɗa gasar duniya zuwa ƙasashe 48, ana yin ta duk shekara a Ƙatar, Afirka na da gurbi goma. An buɗe ƙofar zaure, mu kuma muna maƙale a ta ɗaki.

'Yan ƙasa da shekara 20 sun fi sa'a. Ladan Bosso ya lashe kofin shiyyar a Yamai a 2022, Aliyu Zubairu ya maimaita a Lome a 2024 da cin Gana 2-1. Dukansu sun taɓa riƙe Wikki Tourists ta Bauchi, don haka 'yan Bauchi na iya cewa da hannunsu a ciki.

A majalisu an fi ɗora laifin a kan koci, wasu ma har da cewa zamaninsa ya wuce. Ni ban gamsu ba. Kocin da aka naɗa ana saura makonni a tafi, ya buɗe sansani a Abuja, ɗaruruwan yara su yi dafifi, na'ura ta kwashe waɗanda ya fi so, me ake jira ya yi? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abokan karawarmu suna zuwa da yaran makarantun horon ƙwallo da suka daɗe tare, kamar irin wadda ASEC Mimosas ta kafa a Abijan. Shi kuwa yaron da ke murza leda da yamma a bayan filin Pantami na Gombe, kafin wani ya gan shi sai ya samu kuɗin mota zuwa Abuja, da wurin kwana, da wanda zai miƙa sunansa. Gasannin makarantun sakandare da a da suke tace irinsa sun yi rauni, ƙungiyoyin jiha kuma sun fi son ɗan wasan da ya riga ya nuna. Lokacin da za a lura da shi, sau da yawa ƙashin hannunsa ya riga ya rufe.