Megalit: ba kowane ƙaton dutse ba ne, kuma ba sunan zamani ba ne

Tun da hotunan wuraren yawon buɗe ido suka cika Facebook, kalmar megalit ta shiga bakin masu gabatar da shirye-shirye a rediyo. Duk ƙaton dutsen da aka gani sai a laƙaba masa ita, har da Dutsen Zuma. Zuma kuwa halittar Allah ne, babu hannun da ya kafa shi, irinsa monolit ake kira, wato curin dutse guda. Megalit daga Girkanci take, megas babba, litos dutse, kuma ba a amfani da ita sai inda mutane suka jawo manyan duwatsu suka kafa su ko suka jera su da gangan, ba tare da laka ko siminti ba, galibi domin matattunsu.

Wannan kuskuren mai sauƙi ne. Wanda ya fi ci mini rai shi ne a ce "zamanin megalit", kamar wata al'umma guda ce ta zagaya duniya tana kafa duwatsu, wasu har su ɗora wa Samudawa aikin. Babu irin wannan zamani. Salon gini ne da mutane daban-daban suka yi a lokuta masu nisa da juna.

A ɗauki Newgrange, wani tsohon kabari a kwarin kogin Boyne na ƙasar Ailan. An gina shi wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya girmi dalar Giza ta Masar. Daga waje tudu ne mai faɗin kusan mita 85, an kewaye gindinsa da manyan duwatsu 97. Mai ziyara sai ya sayi tikiti tun da wuri, motar cibiyar baƙi ce ke kai shi, sannan ya rusuna ya bi wani siririn lungu mai tsawon mita 19 zuwa ɗaki mai ƙurya uku, kowace da kwanon dutse da ake ajiye ƙasusuwa. Rufin an yi shi ne da falalen duwatsu, kowane layi ya ɗan zarce na ƙasa zuwa ciki har suka haɗe a sama, aka kuma sassaƙa magudanai a bayan duwatsun rufin lungun don ruwan sama ya zurare waje. Shi ya sa ɗakin yake a bushe har yau. A saman ƙofa akwai taga da hasken hantsi ke shiga ta cikinta wajen 21 ga Disamba, ya kai har ɗakin na kusan minti 17. Michael O'Kelly, wanda ya haƙa wurin daga 1962 zuwa 1975, shi ya fara ganin haka a zamaninmu, a 1967. Magina nan manoma ne da ba su san ƙarfe ba.

Yanzu a dawo Afirka ta Yamma. Da'irorin duwatsu na Senegal da Gambiya, a Sine Ngayene da Wanar da Wassu da Kerbatch, waɗanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2006, su ma megalit ne. Amma da marmara aka yi su, da kayan ƙarfe aka sare su, kuma an ci gaba da kafa su har wajen ƙarni na 16. A ƙarƙashinsu an samu kawunan māsu na ƙarfe da warwaron tagulla da tukwane. Tsakanin su da Newgrange akwai dubban shekaru. To wane zamani ne guda?

Dutse ba ya faɗar ranar da aka kafa shi. Gwajin karbon-14, wanda ake gano shekarun abu da shi, a kan abin da ya taɓa rayuwa ake yi: gawayi, ƙashi, ƙwayar hatsi. Shi ma ba ya da amfani sai an san takamaiman shimfiɗar ƙasar da aka ciro shi, ƙarƙashin dutsen yake ko a samansa. A gefen Newgrange an tsinci tsabar kuɗin Rumawa, waɗanda baƙi suka ajiye bayan ginin ya haura shekara 3000. Da an zube su a buhu ɗaya da sauran kayan, da sun ɓatar da lissafi gaba ɗaya.

Newgrange kansa ya ɗanɗana wannan ɓarna. A 1699 lebura masu neman dutsen gini suka buɗe ƙofarsa, daga nan ya zauna a buɗe sama da shekara 250, masu kallo suna tattake ƙasan ɗakin, wasu suna sassaƙa sunayensu a bango. Da O'Kelly ya zo, ragowar ƙasusuwan mutum biyar kawai ya iya tantancewa, wasu ƙonannu wasu ba a ƙone ba, da 'yan duwatsun wuya da tsinkunan ƙashi. Ko nawa aka binne a ciki tun asali, babu mai iya ƙirgawa yanzu.