Iyaka Tsakanin Arewacin Afirka da Afirka ta Kudu da Sahara

Masana labarin ƙasa sun saba raba nahiyar Afirka gida biyu: Arewacin Afirka, wanda ke fuskantar Bahar Rum, da kuma Afirka ta Kudu da Sahara. Abin da ke tsakaninsu shi ne hamadar Sahara, mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 9, wadda ta miƙe daga Tekun Atlantika har Bahar Maliya. Sai dai babu wani layi guda da kowa ya yarda a ce nan arewa ta ƙare, nan kudu ta fara. Ruwan sama da tsirrai na nuna wata iyaka, hukumomin duniya na zana wata, al'adu kuwa sun ratsa su duka.

A wajen masana yanayi, ruwan sama ne ma'auni. Daga arewa, hamada tana farawa inda ruwan shekara ya gaza milimita 100. Daga kudu kuma ana ɗaukar kusan milimita 150 a matsayin bakin Sahara, daga nan sai yankin Sahel. Masanin labarin ƙasa ɗan Faransa Robert Capot-Rey ya yi amfani da tsirrai: inda ƙarangiya ta fara fitowa, to an bar hamada an shiga Sahel. Wannan iyaka ba ta tsaye wuri ɗaya. Fari irin na farkon shekarun 1970 da na 1984 kan tura ta kudu, damina mai albarka ta mayar da ita. Tsakanin shekaru dubu 11 zuwa dubu 5 da suka wuce ma Sahara kore ce shar, da tafkuna da namun daji. Zanen shanu a duwatsun Tasili na Aljeriya da sassaƙen raƙuman dawa na Dabus a ƙasar Abzin sun isa shaida.

Hukumomi kuwa kowace da nata rabon. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Sudan cikin Arewacin Afirka, ta bar Muritaniya a Yamma. Tarayyar Afirka ta juya lamarin: Muritaniya a Arewa, Sudan a Gabas. Ita Muritaniya tana cikin ƙasashen da suka kafa ƙungiyar haɗin kan Magrib, wato yankin arewa maso yammacin Afirka, a 1989, ta kuma fice daga ECOWAS a shekarar 2000, alhali Maroko, wadda ba wanda ke tantamar arewacinta, ta nemi shiga ECOWAS ɗin a 2017.

Tarihi ne ya fi wahalar da mai son ganin Sahara a matsayin katanga. Tun da raƙumi ya yaɗu a ƙarnonin farko na miladiyya, ayari ke tsallaka ta. Wata hanya ta tashi daga Sijilmasa a ƙasar Maroko ta bi ta mahaƙar gishirin Tagaza zuwa Tumbuktu. Wata ta taso daga Tarabulus ta ratsa Fezzan da Bilma ta sauka Borno. Ta Gadamas da Gat da Agadas ita ce ke ƙarewa a Katsina da Kano, kuma ta nan ne jar fatar ƙasar Hausa ta isa Turai har ake kiranta fatar Maroko. Fatake na kai zinariya da fatu da tufafin rini arewa, su dawo da dawaki da takarda da littattafai. Shehu Magili ya taso daga Tuwat, a Aljeriya ta yau, ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A 1591 rundunar Maroko ta ƙetare hamadar ta karya daular Songai a Tondibi. Larabawan Gadamas da Tarabulus sun zauna a Kano har unguwar Dandalin Turawa ta samu sunanta daga gare su, domin a da ana kiran Larabawa Turawa.

Wajibi ne a faɗa cewa hanyoyin nan sun ɗauki bayi masu ɗimbin yawa zuwa arewa tsawon ƙarnoni. Jikokinsu na can har yau, kuma ana jin sawunsu a kiɗan Ginawa na Maroko da Sitambeli na Tunisiya, wanda ke da dangantaka da bori. Ƙyamar baƙar fata da 'yan ci-rani ke gamuwa da ita a wasu biranen arewa ba ta rasa nasaba da wannan tarihi.

Ta fuskar addini da harshe ma rabon bai zauna daidai ba. Mazhabar Malikiyya da karatun Alƙur'ani a ruwayar Warshu sun haɗa makarantar allo ta Zariya da ta birnin Fas na Maroko. Kabarin Shehu Ahmadu Tijjani yana Fas, amma mabiyansa sun fi yawa a Senegal da Nijeriya. Hausa da Larabci da harsunan Berber, irin su na Abzinawa, duk 'yan babban gida ɗaya ne a lissafin masana harshe. Abzinawa suna Aljeriya da Libiya da Nijar da Mali da Burkina Faso, Tubawa kuma a Libiya da Cadi da Nijar. Su hamadar ce garinsu.

Inda saɓanin arewa da kudu ya fi zafi, sau da yawa a cikin ƙasa ɗaya yake, ba tsakanin ƙasashe ba. Sudan ta yi dogon yaƙin basasa kafin Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli, 2011. Mali da Nijar sun sha tawayen Abzinawa, Muritaniya ta yi rikici da Senegal a 1989 wanda ya kai ga korar dubban baƙaƙen 'yan ƙasarta. Tsakanin ƙasashe kuwa, Libiya da Cadi sun yi faɗa kan zirin Auzu da ke kan iyakarsu har Kotun Duniya ta ba Cadi shi a 1994. Saboda irin waɗannan dalilai ne wasu masanan Afirka ke sukar lakabin "Kudu da Sahara", suna ganin launin fata ne ainihin abin da yake rabawa, kuma sukar tana da ƙarfi.

A yau tsohuwar hanyar ayari ta zama titin mota mai tsawon kusan kilomita 4,500 daga Aljiyas zuwa Legas, ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram da Kano. Agadas kuma ta zama zangon matafiya masu neman Libiya da Turai. Nijar ta haramta safararsu da wata doka a 2015, sannan gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamba 2023.