Kafin ka kafa lasifika a Garwa: takardun da taron wasa ke nema

Duk bayan sallah sai ka ji irin wannan labari a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru: wani ya gayyato 'yan dambe ko mawaƙi, ya kama fili, ya sayar da tikiti, ana shirin farawa sai ga 'yan sanda sun ce a naɗe tabarma. Shi kuwa yana ta ɗaga rasit ɗin meri, wato ofishin magajin gari, wai ai ya biya. Gaskiya ne ya biya, amma ƙofa ɗaya ya ƙwanƙwasa, alhali gidan ƙofofinsa uku.

Ƙofar farko ba ta magajin gari ba ce, ta sufurefe ce, wato jami'in da gwamnati ke naɗawa ya shugabanci gunduma. Doka mai lamba 90/055 ta 19 ga Disamba 1990 ta ce duk taron da za a yi a wurin jama'a, ko wurin da aka buɗe wa kowa, sai an sanar da shi a rubuce kwana 3 cikakku kafin ranar. Kalmar "cikakku" ɗin nan ce ke kayar da mutane. Ba a ƙirga ranar da ka kai takarda, ba a ƙirga ranar wasan. Idan wasanka Asabar ne, to Talata ce iyakarka. A takardar za ka sa sunayen masu shiryawa da inda suke zaune, da manufar taron, da wuri, da rana da lokaci. Sannan dokar tana son kwamiti na aƙalla mutum 3 da za su ɗauki alhakin tsari. Ke nan in faɗa ya ɓarke a bakin fage, an san wanda za a tambaya.

Abin lura, dokar ba ta ce ka roƙi izini ba. Cewa ta yi ka sanar, shi kuma sufurefe ya ba ka resefise nan take, wato shaidar ya karɓa. A aikace dai kowa ya san resefisen nan ya koma tamkar izini, wani lokaci sai ka yi ta zarya kafin ya fito. A ganina wannan ba abin da aka rubuta ba ne, amma mai wasa ba ya da riba a gardama da ofis ranar jajibiri, gara ya kai da wuri. A Jihar Arewa Mai Nisa kuwa, tun harin bama-baman Marwa na Yulin 2015 hukuma ta ƙara sa ido a kan cunkoso, don haka kada ka yi mamaki in an tambaye ka yadda za a binciki masu shiga.

Idan abin zai hau titi, kamar jerin gwano ko zagayen gari da motar talla da makaɗa, wa'adin ya zama kwana 7 cikakku. Sufurefe na da ikon canza hanya ko ya hana gaba ɗaya in ya ga barazana ga zaman lafiya, kai kuma kana iya kai ƙara wurin shugaban babbar kotu, wanda doka ta ba kwana 8 ya yanke hukunci. An cire fitowar al'ada da ta addini daga wannan sharaɗi, shi ya sa hawan sallar lamiɗo ba ya jiran resefise. Toshe titi da rumfa da kujeru kuwa, wannan sai da izini na musamman, ko da bikin ƙanwarka ne.

Ƙofa ta biyu ita ce meri. Kundin dokar ƙananan hukumomi na 24 ga Disamba 2019 ya ɗora wa magajin gari kula da tsari da kwanciyar hankali a wuraren cunkoso, har da filayen wasa. Shi zai iya cewa ƙarar lasifika ta yi yawa, ko filin bai dace ba. Nan ne kuma ake biyan kuɗi: dokar harajin ƙananan hukumomi ta 2009, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2024, ta ba su damar karɓar harajin nishaɗi a kan shagalin da aka shirya don riba, kuma a ƙarƙashinta majalisar kowace meri ce ta riƙa tsayar da farashinta, don haka abin da abokinka ya biya a Ngawundare ba lallai ya zama naka ba. Garwa, Marwa da Ngawundare kowanne ya kasu gida uku, ga kuma magajin gari na birnin duka, sai ka fara tantance wace meri ce ke da filin. Ka biya a wurin ma'aji, ka karɓi rasit mai tambari. Kuɗin da ka danƙa wa wani a bakin ƙofa kyauta ka yi.

Ta uku ta shafi masu kiɗa. Wanda ya mai da shirya wasanni sana'a, dokar 21 ga Afrilu 2004 ta sa shi ƙarƙashin lasisin ma'aikatar al'adu, wadda ke da ofis a kowace jiha. Dokar haƙƙin mallaka ta shekarar 2000 kuma ta ce kunna waƙar wani a bainar jama'a yana da lada, kuma SONACAM, ƙungiyar kula da haƙƙin mallakar waƙa, ce ke karɓa a madadin mawaƙa.

Gaisuwa wurin jauro, wato mai unguwa, ko fadar lamiɗo ba ta cikin ko ɗaya daga waɗannan dokoki. Amma ranar da maƙwabta suka kai ƙarar kiɗa ya wuce tsakar dare, jauro ne za a fara tasa daga barci.